Yadda ake gyara fayil ɗin da ya ƙi tashi a Linux bayan an kwaso shi daga Windows

Ranar Asabar wani ƙanina da ke koyon harkar kwamfuta ya same ni a shago nan Jekadafari ransa a ɓace, wai ya rubuta ɗan fayil na umarni a laftof ɗinsa mai Windows, ya zuba a filash ya kai kan Ubuntu, abu ya ce atafau ba zai tashi ba, sai rubuto mai yake /bin/bash^M: bad interpreter. Kwana biyu yana bin rubutun harafi-harafi har ya fara zargin bairos. Na ce ƙane kwantar da hankalinka, rubutunka lafiya lau yake, matsalar tana ƙarshen layi inda ido ba ya gani.

Ga abin da ke faruwa. Duk sanda ka danna Enter, kwamfuta tana ajiye wata ɓoyayyar alama. Windows guda biyu take sawa, CR mai lamba 13 da LF mai lamba 10, ita kuwa Linux LF kaɗai ta sani. Mac ma LF ne tun fitowar Mac OS X a 2001, kafin nan CR zalla take amfani da shi. Asalin abin daga tafireta ne, iyayenmu da suka yi aikin sakatariya za su tuna, in layi ya ƙare sai a tura kan na'urar ya koma farko sannan takarda ta ɗaga sama, aiki biyu kenan, to Windows har yau ba ta saki wannan gadon ba. Shi ya sa Linux ke ɗaukar CR ɗin a matsayin wani harafi na sunan bash, wato manhajar da ke tafiyar da umarnin, ta tafi neman bash mai jela, kuma babu shi.

Toh da farko ka tabbatar ciwon kenan kafin ka sha magani. A ce sunan fayil ɗinka gwaji.sh, buɗe taminal ka rubuta file gwaji.sh, in ka ga ya ce with CRLF line terminators shikenan ka kama ɓarawo. Ko ka yi cat -A gwaji.sh, za ka ga ^M$ a ƙarshen kowane layi, ^M ɗin nan shi ne CR.

Sai ka kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe. Dan Allah kar ka tsallake wannan.

Hanya mafi sauƙi ita ce dos2unix gwaji.sh, in babu shi a kwamfutar ka saukar da sudo apt install dos2unix. In kuma data ta ƙare ko netwok na wasa da kai kamar yadda ya saba, sed yana nan ciki tun asali: sed -i 's/\r$//' gwaji.sh. Masu Mac ku lura, sed ɗinku ba iri ɗaya ba ne da na Linux, gara ku yi tr -d '\r' < gwaji.sh > sabo.sh. Amma fa sunan fayil na biyu dole ya bambanta da na farko, in ka sa suna ɗaya wlh fayil ɗin zai koma wayam kafin ma a karanta shi, na taɓa yi, ban ji daɗi ba.

In kana kan Windows ɗin ne tun can za ka iya gyarawa. A Notepad++ ka shiga Edit, ka gangara EOL Conversion, ka zaɓi Unix LF, ka adana. A VS Code ma ya fi sauƙi, duba can ƙasa ta hannun dama za ka ga an rubuta CRLF, danna shi ka mayar LF.

Akwai kuma akasin haka, ka kawo fayil daga Linux ka buɗe a tsohon Notepad ka ga duk layukan sun cure wuri ɗaya kamar tuwon da ya kwana. Sai a 2018 Microsoft ta gyara wannan a Windows 10, kuma kun san shagunan buga takardu da yawa har yanzu Windows 7 suke lallaɓawa. Maganinsa unix2dos.

Masu aiki da Git a ƙungiya, wato manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli, ku buɗe fayil mai suna .gitattributes ku sa *.sh text eol=lf a ciki, ni na fi yarda da wannan a kan kowa ya je ya saita core.autocrlf a kwamfutarsa, don dole wani zai manta. Sannan kar wanda ya kuskura ya sa sed ko tr a kan hoto ko PDF ko zip, a cikinsu lamba 13 ɗin nan ɓangaren kaya ne, kana cirewa ka lalata fayil. Haka in kana tura irinsu da FileZilla, manhajar tura fayil zuwa sabar, ka tabbatar yana kan Binary ba ASCII ba.

Shi ƙanin nawa tr ya zaɓa, ya kunna sabo.sh sai ga Permission denied, ya ɗago ya kalle ni. Sabon fayil ne, bai gaji izinin tsohon ba. Ya buga chmod +x sabo.sh, ya sake kunnawa, ya tashi.