Yadda Mai Babur Ƙirar Sikuta Zai Zaɓi Man Fetur Da Ya Dace A Legas

Duk wanda ya sayi babur ƙirar sikuta, wato irin mai shimfiɗar ajiye ƙafa wanda tankinsa yawanci ke ƙarƙashin kujera, idan ya buɗe littafin da ya zo da shi zai tarar an rubuta wata lamba game da man da za a riƙa zuba masa, ko 91, ko 92, ko 95. Da zarar ya shiga gidan mai a Agege ko Mile 12 kuwa, ba zai ga ko ɗaya daga cikin lambobin nan a jikin famfo ba, sai dai PMS na fetur, da AGO na dizal, da DPK na kananzir. A yawancin gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ake sayarwa, saɓanin Turai da Amurka inda famfo guda ke da bakuna biyu ko uku. Saboda haka zaɓin mai babur a Legas ya rataya a kan abu biyu: ya san lambar da injinsa ke bukata, sannan ya san inda zai sami mai tsabtatacce.

Lambar nan ita ake kira oktan, kuma ba ta nuna ƙarfin da ke cikin mai, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Abin da take nunawa shi ne juriyar man ga matsi da zafi. A cikin inji, fistin yana matse cakuɗen mai da iska, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bazu a hankali ta tura fistin ƙasa. Idan man ba shi da juriya, wani ɓangarensa yakan fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi, sai a ji wani sauti na ƙaras-ƙaras kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman lokacin da aka murɗa mai a kan hawa ko aka ɗauko kaya masu nauyi. Wannan fashewar, idan ta daɗe tana faruwa, tana cin saman fistin, tana lalata zobbansa, har ta kai ga sauke inji gaba ɗaya.

Abin da ke sa wani inji ya bukaci lamba mai yawa shi ne yawan matsinsa. Ƙananan sikuta masu girman inji cc 110 zuwa 125 waɗanda iska ke sanyaya su galibi suna da matsi tsakanin 9 zuwa 10 bisa 1, kuma fetur ɗin da ake sayarwa a nan, wanda lambarsa ke kewayen 90 zuwa 91, yana isarsu. Sababbin ƙira masu sanyaya da ruwa, waɗanda matsinsu kan kai 11 ko fiye, su ne ake yawan rubuta musu 95. Mataki na farko ke nan: a duba littafin babur, ko takardar da aka manna kusa da murfin tanki. Wanda ya sayi na hannu ba tare da littafi ba, ya ɗauki sunan ƙirar da shekararta ya nemo littafin a intanet, kada ya dogara da faɗar dillali.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Ƙasashe ba sa ƙidaya oktan iri ɗaya. Turai da Japan da Najeriya suna amfani da ma'aunin RON, Amurka da Kanada kuwa suna da nasu, wanda lambarsa ke yin ƙasa da kusan maki huɗu zuwa biyar. Babur da aka shigo da shi daga Amurka da aka rubuta masa 87, abin da yake nufi shi ne kusan 91 a ma'auninmu, don haka man gidan mai ya wadatar da shi.

Idan injinka 91 yake bukata, zuba masa mai lamba 95 ba zai ƙara masa gudu ba, kuma ba zai rage masa shan mai ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, kowace lita ta zama abin lissafi ga mai kai saƙo da ɗan kasuwa, kuma ina ganin asara ce mutum ya riƙa sayen ƙananan kwalaben nan na ƙara oktan alhali baburinsa ba ya wannan kukan na ƙaras-ƙaras. Da yawansu idan suka ce suna ƙara maki, ɗaya bisa goma na lamba suke nufi, wasu kuma suna barin jan datti a bakin fulogi. Wanda littafinsa ya ce 95 ne kaɗai yake da dalilin neman su, shi ma bayan ya saurari injinsa da kyau. Babura masu amfani da injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, wasunsu suna da na'urar da ke jin fashewar ta gyara lokacin tartsatsi, amma ba duka ba, masu kabureta kuwa, wato abin da ke haɗa mai da iska, ba su da wannan kariyar ko kaɗan. Kuma cunkoson Legas yana ƙara wa matsalar ƙarfi, domin injin da ya daɗe yana ruri a tsaye cikin rana ya fi saurin wannan kukan fiye da wanda ke tafiya iska na dukansa.

Babban haɗarin da ke gaban mai babur a garin nan shi ne gurɓataccen mai. Mazauna Legas ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, injuna suka lalace, layuka suka cika gidajen mai. Metanol yana cin roba, kuma bututun mai da ƙananan robobin kabureta na sikuta ba sa jure masa. Na 'yan bumburutu da ake sayarwa a jarka a bakin titi shi ma abin tsoro ne, domin akan haɗa shi da kananzir, kananzir kuwa yana karya oktan ƙasa sosai, yana sa hayaƙi da wahalar tashi da safe. Sai kuma ruwa. A damina, gidajen man da ke wuraren da ambaliya ke kwanciya, ruwa yana iya kutsawa cikin tankunansu na ƙarƙashin ƙasa, kuma tankin sikuta da bai wuce lita biyar zuwa takwas ba, ɗan ruwa kaɗan ya isa ya tsayar da shi a tsakiyar hanya.

Saboda haka a zaɓi gidan mai mai yawan ciniki, inda mai ba ya kwana da yawa a tanki, a kuma tsaya a kansa muddin babur yana jin daɗinsa. Idan aka tarar tankar mai tana sauke kaya, gara a wuce a dawo daga baya, domin a lokacin ne dattin ƙasan tanki ke tashi. Wanda dole ta sa ya sayi na jarka, ya zuba kaɗan a farar kwalba ya bar shi ya natsu: idan akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa a ga layin rabuwarsu ƙarara. Ya kuma ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda. Fetur mai kyau yana bushewa nan take ba tare da tabo ba, mai kananzir kuwa yana barin maiƙo. A yi wannan gwaji nesa da wuta da masu shan taba.

Masu tsofaffin Vespa da sauran injuna masu bugu biyu, wato waɗanda ke ƙona man inji tare da fetur, suna da ƙarin aiki, domin nasu fetur sai an haɗa shi da man inji na musamman mai alamar 2T. A yawancin Vespa ma'aunin kashi 2 cikin ɗari ne, wato mililita 20 a kowace lita. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa, yana toshe salansa ne kawai ya ɓata fulogi. Inji mai bugu huɗu kuwa ba a zuba masa kowane irin man inji a cikin fetur.

Idan bayan shan mai babur ya fara shaƙewa, ko yana mutuwa da an saki hannu, ko ƙaras-ƙaras ɗin nan ya bayyana, kada a ci gaba da tuƙi da fatan man zai ƙare. A kashe inji, a sa bakanike ya juye tankin duka, ya kwance ƙusar da ke ƙasan kabureta ya zubar da abin da ya taru, ya canza matatar mai, sannan ya ciro fulogi a duba launinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai toka yana nuna mai ba ya ƙonewa daidai, fari fat kuma yana nuna zafi ya yi yawa. Idan an zuba mai mai kyau amma kukan bai daina ba, to a duba dattin da ya daskare a saman fistin, domin yana rage fili ya ƙara matsi, har injin da aka ƙera don 91 ya koma neman abin da ya fi haka.