Kurakuran da Masu Yawon Keke Suke Yi a Ƙauyukan Zariya

Yawon keke zuwa ƙauye ya fara shiga ran matasan Zariya, musamman 'yan makaranta na Samaru da Kongo da ma'aikatan da ke neman motsa jiki ranar Asabar. Da yawa sun kwaso sha'awar ne daga bidiyon Turawa masu zagaya gonakin inabi na Medok a Faransa, a gefen Jirond, inda kogunan Garon da Dordon suke haɗuwa kusa da Bordo su faɗa Tekun Atlantika. Can akwai ƙananan tituna masu kwalta da alamomi, har da jirgin fito da ke tsallakar da mutum da kekensa. Mu ma muna da namu wurin zuwa: fadamun Galma, gindin dutsen Kufena, gonakin rake na wajen Makarfi, da rumfunan inabi na ƙasar Kudan. Matsalar ita ce mutane suna fita da lissafin hanyar Faransa a kan hanyar burji, su dawo da keke a bayan a-kori-kura.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne auna tafiya da kilomita. Mutum zai buɗe Google Maps ya ga nisa, ya raba da gudun da yake yi daga Kwangila zuwa Samaru, ya ce kafin azahar ya dawo. A kan kwalta mai matsakaicin ƙarfi yana iya cin kilomita 15 zuwa 20 a awa. Da ka sauka kan burji mai gargada ko rairayi, rabin haka ma sai da ƙoƙari. Taswirar ba ta san kwalbatin da ruwan bara ya tafi da shi ba, ba ta san inda turɓaya take haɗiye taya ba. Ka auna tafiyarka da awa. Idan awa shida kake da ita, ka juyo bayan biyu da rabi ko ka kai ko ba ka kai ba, don ƙafar da za ta dawo da kai ta riga ta gaji.

Sai maganar iska, wadda kusan ba wanda yake sa ta a lissafi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Hunkuyi ko Makarfi da safe zai sha ta a ƙirji, ya ga kamar an ɗaure masa keke, amma a dawowa ita za ta turo shi har gida. Wannan shi ne tsarin da ake so. Wanda ya yi akasi, ya bi iska kudu ko yamma yana jin daɗin gudu, zai gane kurensa idan ya juyo da rana tsaka. Da damina lamarin juyewa yake, iskar daga kudu maso yamma take zuwa. Saboda haka ka fuskance ta da safe lokacin da kake da ƙarfi.

Lokacin shekara ma yana canja hanyar gaba ɗaya. Hanyar fadamar da ka bi lafiya lau a Janairu, a Agusta taɓo ce, laka ta cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi juyawa. Kada ka tsallake ruwan da ke gudu a kan mashigi don ka ga mai babur ya wuce. Shi ya san inda ramin yake. A Maris da Afrilu kuwa zafi ne abin tsoro. Fita bayan sallar asuba, ka kasance a inuwa kafin ƙarfe 11. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi, sai dai a tanadi takunkumi da tabarau saboda ƙura.

Keken kansa ba sai mai tsada ba. Tsohon Raleigh ko Phoenix da dattawa ke kai kaya kasuwa da shi ya fi sanin waɗannan hanyoyi a kan keken tsere mai siririyar taya. Mai giya na gwanjo yana da daɗi a hawa tudu, amma a duba shi tukuna, don mai gyaran keke a ƙauye ba lallai ya ajiye kayan irinsa ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne sirdi. Yawancinmu mun saba saukar da shi ƙasa yadda ƙafa biyu za su taɓa ƙasa muna zaune. Zuwa kasuwar Sabon Gari ba komai, amma tafiyar awa huɗu a haka gwiwa ce za ta biya. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda idan ta sauko ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkace ba, tsayin ya yi. Kaya kuma a ɗaure su a kariya. Jakar goyo tana sa zufa da ciwon kafaɗa, tana kuma ƙara nauyi a inda sirdi yake ci.

Fashewar taya ba sai an yi tambaya ba, za ta zo. Tsidau da ƙayar bagaruwa suna nan a gefen kowace hanyar gona. Abin mamaki shi ne yawan masu fita ba famfo, ba faci, sun dogara da cewa za a samu mai faci a gaba. Ka ɗauki tub ɗaya sabo, da faci, da sholisho, da ƙaramin famfo, da sifanar da ta dace da notin tayarka, kuma ka koyi cire taya a tsakar gida kafin ranar. Ga wani abu da ake mantawa: bayan an cire tub ɗin da ya huje, a zura yatsa a hankali a shafa cikin tayar zagaye guda. Sau da yawa kan ƙayar yana nan a maƙale, ɗan mitsitsi, ba ya ganuwa daga waje. In ba a cire shi ba, sabon tub ɗin ba zai kai gona ta gaba ba. Kada kuma a ɗura wa taya iska ta yi tauri kamar dutse. A kan burji hakan yana sa keke tsalle da santsi. A rage kaɗan, amma ba yadda ƙarfen tayar zai riƙa dukan ƙasa ba. Kaca kuwa, baƙin man inji da ake lafta mata ƙura yake kwasa ya zama kamar yashi yana cin haƙoran giya. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura da tsumma.

Ruwa: da hunturu mutum ba ya jin ƙishi saboda sanyi, zufar kuma tana bushewa kafin a gan ta, sai kawai kai ya fara sara. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga farko. Gora ɗaya a haɗa ta da ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, wato lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun isa guzuri. Fura da nono a bar ta sai an zauna hutawa.

Amma kuskuren da ya fi ba ni haushi ba na keke ba ne. Mutum ya ga hanya shiru, sai ya ɗauka ba ta da masu ita. Samari biyar su shigo ƙauye da hular kwano da baƙin tabarau, su wuce dattawa a gindin bishiya ba sallama, su tsaya bakin gona suna ɗaukar hoto. A wannan zamani da ake fama da matsalar tsaro, irin wannan shiga tana tayar da hankalin mutane, kuma 'yan banga ba za su yi laifi ba idan suka tare ku da tambaya. Sauka daga keke, cire tabarau, ka ce, “Salamu alaikum, Baba, sannunku da hutawa. Daga Zariya muke, yawon motsa jiki muka fito. Hanyar nan tana ɓullewa?” Amsar da za ka samu ta fi ta waya: za a gaya maka inda gada ta karye, da inda bai kamata ka bi ba yau. In za ku daɗe, ku nemi mai unguwa.

A gonakin inabi na Kudan abin ya fi buƙatar kula. Manomi ya kashe kuɗi mai yawa wajen kafa rumfa da ban ruwa, ya jira watanni. Ba a shiga ƙarƙashin rumfa sai da izini, ba a jingina keke a jikin turakunta, ba a tsinka don ɗanɗano. Ana yi wa inabi feshin magani, don haka ko an ba ka kyauta ka wanke kafin ka ci. In kana so, ka tambayi mai gonar ya sayar maka, ka sa a kwali a kan kariya, don a leda kafin ka iso Basawa ya zama ruwa. Idan ka haɗu da garken shanu a burtali, kada ka kaɗa ƙararrawa ka kutsa. Ka sauka ka raɓe gefe har su wuce.

Yammacin Giwa zuwa wajen Birnin Gwari ba wurin yawon keke ba ne a halin yanzu. Ko ina za ka, kada ka tafi kai kaɗai, ka faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, ka riƙe kuɗi a hannu don turawa ta waya ba ko'ina take aiki ba. Ka tabbata ka shigo gari kafin magariba: duhu a nan ba ya jinkiri, kuma direban tirela a Kwangila ba zai hango keken da ba fitila a bayansa ba.