Darasi na Bakwai: Kalmar Charge da Fuskokinta

Kalmar yau ba baƙuwa ba ce. Duk mai waya a aljihu ya san caji, wanda kuma ya taɓa cire kuɗi a wurin mai POS ya san wani cajin daban. Abin da ba mu saba ba shi ne ganinta a rubuce. Ga yadda take da Turanci: charge.

Haruffa shida ne, amma ba duka ake furtawa ba. Biyun farko, ch, sautinsu ɗaya da c namu na cokali da ciyawa. Harafin g a nan sautin j yake bayarwa. Shi kuwa r ba a jin sa a bakin mutanen Landan, e na ƙarshe ma shiru yake. Saboda haka a ce caj, a ɗan ja wasalin. Mu ne muka ƙara mata i a ƙarshe, don harshenmu ya fi son kalma ta ƙare da wasali.

Su ma Turawan Ingila aro ta suka yi daga Faransanci, tushenta kuma Latin ne, inda take nufin ɗora kaya a kan amalanke. Dangi ɗaya suke da car, wato mota, da cargo, kayan da jirgi ke ɗauka. Ku riƙe wannan ɗorawar da kyau, domin duk inda kalmar ta je, wani abu ake ɗora wa wani: ko wuta, ko kuɗi, ko laifi, ko nauyi.

Ta wuta ba ta da wuya. Idan kun jona waya kuka ga charging, tana shan caji. Fully charged, ta cika, a cire. Charger ita ce caja. Idan aka sa re a gaba, ma'anarsa sakewa, shi ya sa ake ce wa katin waya recharge card.

Ta kuɗi ce take buƙatar natsuwa. Ku karanta wannan hirar da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Sannu da aiki, yarona. Dubu goma zan cira. Nawa ne cajin?"

"Ɗari biyu ne, Baba. A cire a ciki, ko za ka bayar a hannu?"

"Cire a ciki. Amma ka ba ni takardar in gani."

Baba ya yi daidai da ya nemi takarda. Cajin mai POS ladan aikinsa ne, shi yake yankawa. Na banki kuwa yana da ƙa'ida a rubuce. A jadawalin da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne idan bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura haka. A kan wannan ake ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Shi ya sa a ƙarƙashin wannan jadawalin na 2020 aka riƙa ganin 10.75 ko 26.88 ko 53.75 a saƙon banki, mutum ya yi ta mamakin ina 'yan kwabban nan suka fito. Idan kun ga charge ko charges kusa da lamba a irin wannan saƙo, ba kuɗi ne suka shigo ba, cirewa aka yi.

Akwai jimloli biyu da ya kamata ido ya saba da su. Free of charge, kyauta ne, ko sisi ba za a biya ba. Charges apply kuwa, akwai biya, kuma galibi da ƙananan haruffa ake rubuta ta can ƙasan talla, inda mai gaggawa ba ya dubawa.

Sai ta laifi. Tsofaffi har yau caji ofis suke ce wa ofishin 'yan sanda, daga charge office, ɗakin da ake rubuta abin da ake tuhumar mutum da shi. Takardar tuhuma ita ce charge sheet. Idan aka rubuta He is charged with theft, ana tuhumarsa da sata ke nan, ba a ce an same shi da laifi ba. Tazarar da ke tsakani babba ce, ko da yake a unguwa ba a cika bambancewa ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, dole a gaya masa tuhumar da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Don haka kada kunya ta sa kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba.

Ƙanwarta discharge sallama ce, a asibiti ko a kotu. Amma a kotu a kasa kunne: discharged kaɗai, an sallami mutum, ana iya sake dawo da maganar. Discharged and acquitted, an sallame shi kuma an wanke shi.

Ta ƙarshe ita ce nauyi. Wanda aka ce in charge, shi ke da alhakin wuri. Incajin ƙaramin asibitin garinku daga nan sunansa ya fito. In kun je ofis ana ta yi muku jeka-ka-dawo, ku tambaya: Who is in charge here? Wato wa ke da wuƙa da nama a nan?

Aikin gida: kowa ya rubuta charge sau biyar a littafinsa. Sannan ya buɗe saƙonnin banki a wayarsa, ko ta wani na gida da izininsa, ya nemo inda kalmar ta fito, ya kwafo adadin da ke kusa da ita. Mako mai zuwa za mu tara su a allo, mu ga nawa ake cire wa ajin nan a wata.