Yadda Ake Kama Kifin Bas a Kududdufin Unguwa Ranar da Ya Ƙi Cin Koto

Sababbin rukunin gidaje a Amurka, musamman a Filorida, Teksas, Jojiya da Karolina ta Arewa, da wuya ka ga wanda ba shi da ɗan tafki a tsakiya ko a bayan gidaje. An haƙa shi ne don ya tare ruwan saman da ke gangarowa daga kwalta da rufin gidaje, kududdufi dai kamar wanda muka sani, sai dai an gyara bakinsa da ciyawa. A cikin irin waɗannan ruwaye ake samun kifin bas mai babban baki, kifi mafarauci da ke cin ƙananan kifaye, kwaɗi da ƙwari. Akwai ranar da ko me ka jefa zai cafke. Akwai kuma ranar da za ka yi awa uku kana jifa ko motsi babu. Wannan bayanin na rana ta biyu ne.

Kafin ka taka bakin ruwa, ka tabbatar kana da lasin kamun kifi na jihar da kake, ana saye ta intanet ko a kanti irin su Walmart. Ka kuma duba allon da ke bakin tafkin, domin da yawa mallakar ƙungiyar masu gidajen unguwa ne, baƙo ba ya kamu sai da izini. A jihohin kudu ka sa a ranka cewa kowane ruwa na iya ɗauke da kada, kada ka tsuguna dab da baki da magariba.

Me ya hana shi ci?

Ruwa ba ya tsami banza. Bas jininsa yana bin zafin ruwa ne. Yana cikin kuzari idan ruwan yana tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da digiri 10 sai ya yi sanyi, ba ya bin komai da gudu. Idan ruwa ya haura digiri 30, kamar yadda ƙaramin tafki ke yi a Yuli da Agusta, iskar shaƙa ta ragu a ciki, sai ya lafe a inuwa ko inda ruwa ke motsi. Dalili na biyu shi ne sauyin yanayi: an yi ruwa da iska jiya, yau gari ya waye sama tas babu gajimare, da ɗan sanyi. A irin wannan ranar kifin yana manne da ciyawa ko kututture, ba zai matsa ko taku biyu ba don neman abinci. Na uku shi ne yawan masu kamu. Tafkin unguwa ƙarami ne, yara da manya kowa ya jefa wa kifin irin koton ƙarfen nan mai juyawa da ƙyalli, an kama shi an sake shi ba sau ɗaya ba. Ya haddace.

Duka ukun maganinsu ɗaya: ƙaramin koto, siririn zare, a hankali, a kuma kai masa har bakinsa.

Kayan da za ka ɗauka

Sanda ɗaya ta isa. Mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, mai matsakaicin ƙarfi, da na'urar naɗe zare irin wadda ke rataye a ƙarƙashin sanda, lamba 2500. Zare fulorokabon mai ƙarfin fam 8, wato mai jure nauyin fam 8 kafin ya tsinke, shi ne kifi ba ya saurin gani cikin ruwa. Wanda ke amfani da zaren kitso mai launi ya ɗaura masa fulorokabon kamar ƙafa huɗu a ƙarshe. Sabon shiga yakan sayo zare mai ƙarfin fam 20 wai kada babban kifi ya tsinka masa, sai ya wuni bai samu ko ƙaramin ba. Zare mai kauri yana hana koto mara nauyi nutsewa yadda ya kamata, kuma a ruwa mai haske kifin na ganinsa.

Koto kuwa, tanar roba mai kama da sigari, inci 5. Wadda aka fi sani ita ce Senko ta kamfanin Yamamoto, an cika ta da gishiri shi ya sa take nutsewa da kanta tana rawa. Leda ɗaya ba ta kai dala goma ba, amma tana saurin yagewa, kifi ɗaya ko biyu ta tashi aiki. Mai son sauƙi ya sayi YUM Dinger, ta fi arha kuma ta fi juriya, sai dai ba ta kai waccan saurin nutsewa ba. Launi biyu kawai za ka saya: kore mai duhu na ruwa mai haske, baƙi mai ɗigon shuɗi na ruwa mai laka. Sauran launuka hamsin ɗin da ke rataye a kanti, masu saye suke kamawa. Sai ƙugiya lamba 1 ko 1/0 mai gajeren wuya, ƙananan zobban roba, filaya, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa.

Ɗaurin da za ka fara da shi shi ne na tsakiya, wanda Amurkawa ke kira waki. Ka zura zoben roba a tsakiyar tanar, ka sa ƙugiya a ƙarƙashin zoben, kai da wutsiya su rage suna lilo. Babu dalma, babu komai. Ka jiƙa ƙullin da yawu kafin ka ja shi, fulorokabon yana ƙonewa idan aka ja shi a bushe, kuma a nan yake tsinkewa daga baya.

Isa bakin ruwa

Kifi na ganinka mai jar koma. A tafki ƙarami yawancin bas suna cikin ƙafa goma na farko daga gaɓa, daidai inda sabon shiga ke zuwa ya tsaya da takun ƙarfi, inuwarsa a kan ruwa, ya ɗaga sanda ya wurga koto can tsakiya. Kifin da ya zo nema ya riga ya kore shi da ƙafarsa. Bas yana da layi a gefen jikinsa da yake jin girgiza da shi, takunka a ƙasa yana isa gare shi kafin ya gan ka. Ka tsaya taku biyar ko shida daga baki, jifan farko ya faɗa dab da gaɓar da kake shirin takawa. Bayan nan sai ka matsa, ka riƙa jifa a kwance da gaɓa, hagu da dama, yadda koto zai daɗe a inda kifin yake. Tsakiyar tafki ita ce ta ƙarshe.

Wanda ya saba da fatsar tarwada, a kafa sanda a zauna a jira, zai sha wahala a nan. Tarwada na bin wari ta zo ta same ka. Bas da ya ƙi ci yana tsaye wuri ɗaya, kai ne za ka je. Ka nemi bakin kwalbati da ruwa ke shigowa, musamman bayan an yi ruwan sama. Ka nemi inuwar bishiya, gefen ciyawar ruwa, duwatsun da aka jera a gaɓa, kusurwar tafki, da kewayen famfon feshi idan akwai, don nan iskar shaƙa ta fi yawa lokacin zafi. Idan iska na kaɗawa, je ka gaɓar da take bugawa ko da jifan zai yi maka wuya, can take tara abincin ƙananan kifaye. Kowane wuri jifa biyar ko shida, babu amsa ka ƙara gaba.

Faɗuwar koto

Nan ne kusan kowa ke ɓata aikin. Koton ya faɗa ruwa, hannun mutum ya riga ya fara naɗe zare. Kada ka naɗe. Tanar roba mai ɗaurin tsakiya duk aikinta a nutsewa yake: tana sauka a kwance, kai da wutsiya suna karkarwa, kuma a wannan saukar ne bas ke ɗaukarta fiye da kowane lokaci. Da zarar ka ja zare ya miƙe, rawar ta mutu, koton ya taho wajenka yana barin wurin da ka sha wahala ka jefa shi.

Ga yadda za ka yi. Bayan jifa, ka rufe bakin na'urar da hannu, ka sauke kan sanda ya kalli ruwa, ka bar zare da ɗan sako-sako, ya yi ciki kaɗan a kan ruwa. Ka fara ƙirga a zuci. A ruwa mai zurfin ƙafa biyar za ka ƙirga kamar takwas zuwa goma kafin ta taɓa ƙasa, za ka gane don zaren zai daina shiga. Ka riƙe wannan lambar. Idan a jifa na gaba zaren ya tsaya a huɗu, ba ƙasa ta taɓa ba, tana bakin kifi.

Ranar da ba ya ci, kada ka jira ka ji fizga a hannu. Idonka ne zai ji. Ka kafa shi daidai inda zare ya shiga ruwa. Wani lokaci zaren zai yi ɗan zillo sau ɗaya kamar an taɓa shi da yatsa. Wani lokaci ya fara tafiya gefe a hankali. Wani lokaci kuma babu alama ko ɗaya, sai ka ɗaga sanda ka ji nauyi kamar ka kamo jiƙaƙƙen tsumma. Mai duba waya ko hira a wannan lokacin, kifi uku sun ɗauka sun tofar bai sani ba.

Idan ta kai ƙasa babu abin da ya faru, bar ta nan. Ƙirga goma. A ruwan sanyi ko bayan sauyin yanayi, ƙirga ashirin, har talatin. Da tabarau mai kyau a ruwa mai haske za ka iya ganin abin da ke faruwa: kifin ya taho ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga koton, kansa ƙasa, fukafukan gefensa suna motsi a hankali, yana kallo. Bai yanke shawara ba. Sabon shiga a daidai nan yake gajiya ya janye. Kai kuwa ka ɗaga kan sanda kamar taƙi biyu, a hankali, ka sake sakinta ta faɗi. Sau biyu ko uku haka, idan babu komai ka naɗe ka sake jifa. Ba sai ka ja ta har gabanka ba, ɓata lokaci ne.

Sai sokar ƙugiya. A bidiyon gasar kamun kifi za ka ga mutum ya fizgi sanda kamar zai karya ta. Wancan mai zare ne mai kauri da babbar ƙugiya. Da zaren fam 8 da ƙugiya a buɗe, irin wannan fizga ko ta tsinka ƙulli ko ta fitar da koton daga bakin kifi. Ka naɗe sako-sakon har ka ji nauyinsa, sannan ka ja sanda gefe da ƙarfi matsakaici kana ci gaba da naɗewa. Ka sassauta birkin na'urar tun farko yadda zare zai fita idan ka ja shi da hannu da ɗan ƙarfi. Kada kuma ka yi jinkiri fiye da daƙiƙa biyu bayan ka ga alama, zai haɗiye ƙugiyar har maƙogwaro.

Idan ƙananan kifayen nan masu kama da karfasa, bulugil, suka dame ka, za ka ji ƙwanƙwasa da sauri-sauri, tak-tak-tak. Kada ka soka, wutsiya kawai suke ja. Ɗaukar bas ɗaya ce, mai nauyi.

In har yanzu shiru

Bayan minti arba'in babu ko alama, ka rage girma. Ɗaurin Ned, wanda aka sa wa sunan wani mai kamun kifi, Ned Kehde na jihar Kansas, shi ne ƙugiya mai ɗan kan dalma oza 1/16 da guntuwar roba da ba ta kai inci 3 ba, irin TRD ta Z-Man. Robar tana tsayawa wutsiya sama a ƙasan ruwa. Ka ja ta a ƙasa kaɗan-kaɗan kana tsayawa. Ƙananan kifi za ta fi kawo maka, amma ta fi komawa gida hannu rabbana. Kada ka haɗa wannan robar da sauran a leda ɗaya, suna narkar da juna. A wasu jihohi kamar New Hampshire an hana ƙaramar dalma, sai ka sayi na ƙarfen tangistan.

Inda ciyawa ta yi yawa ƙugiya tana maƙalewa, koma ɗaurin Teksas: ƙugiya 3/0 mai lanƙwasasshen wuya, ta shiga ta kan tanar, tsininta ya ɓuya a jikin roba. A wannan ana soka da ƙarfi. Lokacin zafi ka zo da asuba ko bayan la'asar sakaliya, koton kwaɗon roba mai yawo a sama yana aiki a kan ciyawa. Lokacin sanyi akasin haka, azahar zuwa la'asar, gaɓar da rana ta fi bugawa. Tana mai rai ma tana kamawa, ana sayar da ita a kwali a kantunan kamun kifi, sai dai bulugil za su cinye rabi.

Idan ka fito da shi, babban yatsa a leɓen ƙasa, in babban kifi ne kuma ka tallafi cikinsa da ɗaya hannun, kada ka lanƙwasa masa muƙamuƙi. Jiƙa hannu tukuna, kada ka ajiye shi a ciyawa. Ƙugiyar da ta shige can ciki a yanke zare a bar ta. Ka mayar da shi ruwa cikin minti ɗaya. Kada ka kai shi tukunya: ruwan irin wannan tafki daga titi da filayen ciyawa yake taruwa, da baƙin mai da takin zamani da maganin feshi. Guntayen zare da yagaggun robobi kuma ka zuba a aljihu, don su ne ke sa masu gidaje kafa allon hana kamu.