Yadda mai reno za ta riƙa magana da iyaye da yaron da take kula da shi

Yawancin matsalar aikin reno ba a wajen wanka ko ba da abinci take fitowa ba, a wajen miƙa yaro ake samunta, wato da safe lokacin da uwa za ta ajiye miki shi da yamma lokacin da za ta ɗauka. Kowa na sauri sai a ce "lafiyarsa lau" a rabu, alhali yaron da zazzaɓi ya kwana.

Toh kar ki bari uwa ta fita sai kin tambaye ta ya yi barci kuwa, me ya ci, akwai abincin da jikinsa ba ya so, an ba shi magani? Na maganin nan shi ne mai haɗari. Paracetamol ana barin awa 4 zuwa 6 tsakanin sha ɗaya da ɗaya kuma ba a wuce sau 4 cikin awa 24, kin ga idan an ba shi ƙarfe shida ba ki sani ba kika ƙara masa ƙarfe takwas hantarsa ce za ta iya wahala. Ki rubuta lokacin a littafi ko ki ce ta turo miki ta WhatsApp, sannan ki maimaita mata da bakinki, "Maman yaro, kin ce ƙarfe sha biyu zan ba shi ko?" Wasu na jin kunyar maimaitawa wai kar a ce ba su da kai, ni dai gara a ce na cika tambaya.

Da yamma ki fara da abin da ba daɗi. Ya faɗi ya buge goshi, faɗa mata kafin ta gani da idonta, da lokacin da abin ya faru da abin da kika yi. Jariri kuwa da bai kai wata 3 ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 ba a jiran yamma, nan take ake kiran iyaye a tafi asibiti.

Shi kansa yaron, ki durƙusa ku haɗa ido, ki gajarta magana, ki faɗa masa abin da kike so ya yi. "Taka a hankali" ya fi shiga kunnensa fiye da "kar ka yi gudu". Jarirai ma ki riƙa yi musu hira wajen canza famfas, suna fahimtar kalmomi tun kafin bakinsu ya buɗe.

Idan kuma ba yaro ba ne, tsoho kike jinya wanda kunnensa ya yi nauyi ko mantuwa ta kama shi, ihu ba ya taimakawa. Ki tsaya gabansa ya ga bakinki, tambaya ɗaya a lokaci guda, "Baba, za ka sha ruwa?", ki jira amsa ko da zai daɗe. Kuma dan Allah a daina zancen ciwonsa tare da 'ya'yansa a kansa kamar ba ya ɗakin, ki sa shi cikin maganar ki tambaye shi inda ke masa ciwo.