Kwafin ajiyar da ba ka taɓa gwadawa ba, da sauran ramukan sabbin masu kula da saba

Na gaji da kiran tsakar dare. Duk yaron da aka damƙa wa sabar Linux (kwamfutar da ke riƙe da shafuka da bayanai) a karon farko, ramuka iri ɗaya yake afkawa. Ni ma na afka musu, shi ya sa nake da bakin magana.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na kwafin ajiya. Shekarun baya ina kula da rumbun bayanan wani kamfani, na sa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, yana gudanar da mysqldump, umarnin da ke kwafe rumbun, kullum ƙarfe 2 na dare. Da safe in leƙa, in ga sabon fayil da kwanan watan ranar, in ce madalla. Ranar da faifan ya mutu na je ɗauko kwafi, ashe fanko ne. Na duba na jiya, haka. Na shekaranjiya, haka. An canza kalmar sirrin rumbun tun watanni da suka wuce, mysqldump ba ya iya shiga, amma alamar > da ke zuba sakamakon umarni cikin fayil ba ruwanta, sai ta ƙirƙiro fayil ko da ba abin zubawa a ciki. Saƙon kuskuren kuwa yana ta taruwa a akwatin wasiƙar root (babban asusun saba), wanda ba mai buɗewa. Haka muka baje rasit a kan tebur muna shigarwa da hannu, manaja na tsaye a kaina yana ta kaɗa makullin mota.

Kada ka ce ai ganganci ne na ƙananan ma'aikata. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure, da aka waiwayi hanyoyin ajiyarsu sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kusan awa 6. Ni dai tun daga nawa, Asabar ɗin farko ta kowane wata nakan ɗauki kwafi in dawo da shi a kan wata na'ura ta gwaji, in ƙirga layukan manyan tebura da idona. Kuma kwafi ɗaya dole ya kwana a wani gini daban. Mai ce min "ai muna da RAID", wato haɗa faifai su riƙe bayanai iri ɗaya, don Allah ya daina: abin da ka goge a faifai ɗaya, a take zai goge a ɗayan.

Na biyu, kulle kai a waje. Mutum ya shiga ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ya buga ufw enable don kunna katangar tsaro bai buɗe ƙofa ta 22 da SSH ke bi ba, ya fita, shi ke nan, ya rufe ɗaki da makulli a ciki. Haba! Ka fara da ufw allow 22/tcp mana. In ka taɓa fayil ɗin saitin SSH, /etc/ssh/sshd_config, gwada shi da sshd -t, kuma kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka tabbatar ta shiga. A nan ne ma ya kamata ka sa PermitRootLogin no don hana shiga kai tsaye da sunan root, ka koma shiga da makullin SSH maimakon kalmar sirri. Leƙa /var/log/auth.log a Ubuntu ka ga yadda baƙi suke ta cankar kalmar sirrin root dare da rana.

Sauran ƙanana ne. Umarnin chmod 777, mai ba kowa izinin taɓa fayil, ba gyara ba ne, buɗe wa kowa gida ne. Nemo mai fayil ɗin ka daidaita da chown, umarnin canza mai fayil. In shafi ya tsaya haka kawai, fara da df -h ka ga wurin da ya rage a faifai, sau da yawa fayilolin log, inda saba ke rubuta abin da ke faruwa, su ne suka cinye faifan, in kuma akwai wuri amma ya ƙi rubutu, duba df -i ka ga ko yawan fayiloli ya kai iyaka. Takardar shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt da aka saba bayarwa kwana 90 take yi, saboda haka gwada sabunta ta da certbot renew --dry-run tun ranar da ka girka.

Dogon aiki kuma a cikin tmux nake yin sa, manhajar da ke barin aiki ya ci gaba ko haɗi ya yanke, don intanet ɗinmu ba ta da alƙawari, tana iya yankewa ana tsakiyar sabunta manhaja. Kuma ba na taɓa saba ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai dai in wuta ce ta kama.