Yadda Ake Gane Maiƙon Kifi Tun Kafin a Ɗora Shi a Wuta

Duk mai yin banda a ƙauyukan bakin kogin Haɗeja ya san cewa tarwaɗa biyu masu girma ɗaya kan hau waya tare, ɗaya ta riƙa tsiyayar da mai har wuta ta tashi, ɗayar kuwa ta bushe kamar ƙirare. Abu biyu ke kawo wannan bambanci, wato ruwan da kifin ya rayu a ciki da kuma matakin da ya kai a rayuwarsa ranar da ya faɗa koma.

Kifin da ya fi bayyana haka shi ne wani dogo mai santsi da siffar maciji, wanda masana ke kira Anguilla. Babu shi a ruwanmu, a kogunan Turai ake samunsa. Ana ƙyanƙyashe shi a tekun Sargaso da ke cikin Atilantika, wurin da masanin ƙasar Denmak Johannes Schmidt ya gano a farkon shekarun 1920. 'Ya'yansa kan shigo koguna suna ƙanana, su shekara biyar zuwa ashirin suna kiwo, cikinsu rawaya, kitsensu yana taruwa a hankali. Idan lokacin komawa tekun Sargaso ya yi, sai cikin ya koma fari kamar azurfa, idanu su ƙara girma, kifin ya daina cin abinci baki ɗaya, sannan ya kama tafiyar sama da kilomita 5,000 ba shi da guzuri sai kitsen jikinsa, wanda a lokacin kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa. Irin kitsen ma ya danganta da mazauni: wanda ya yi kiwo a ruwan gishiri ya fi tara man omega-3 mai amfani ga zuciya, na kogi kuma omega-6 ya fi yawa a jikinsa, domin abin da kifi ya ci shi ke zama maiƙonsa.

Saboda haka abu na farko shi ne ka tambayi masunci inda ya kamo kifin, kuma kada ka ji nauyin tambayar. Tarwaɗar gidan gona, wadda ake ciyarwa safe da yamma ba ta wahalar neman abinci, za ka tarar da kitse fari curi-curi a jikin hanjinta idan ka farke ta. Ta fadama ba ta kai ta kitse ba, amma namanta ya fi tauri. Idan kuwa ruwan yana karɓar dauɗar masana'antu, to ka cire kitsen cikin ka zubar, domin akwai gubar da a cikin kitse take taruwa.

Daga nan ka dubi lokacin shekara. Tarwaɗa tana zuba ƙwai ne da damina, sa'ad da ruwa ya malale fadamu, kuma macen da cikinta ya cika da ƙwai ta riga ta juye ƙarfinta a cikinsu, don haka kada girman cikin ya ruɗe ka. Wadda aka kama da kaka, bayan ta yi watanni tana kiwo cikin ciyawar da ruwa ya rufe, ita ce mai maiƙo. Gaiwa ma haka take. Wadda ta shiga laka da ƙibarta ba ɗaya take da wadda aka haƙo a ƙarshen rani ba, domin duk tsawon kwanciyar nan jikinta take ci. Ni dai a ganina asara ce haƙo ta a wannan lokaci.

Kafin ka biya, ka matsa bayan kifin da babban yatsa kusa da kai. Mai maiƙo gadon bayansa a cike yake, ramamme kuwa kansa ya fi jikinsa girma.

Wurin banda sai ka raba su gida biyu. Mai kitse yana son garwashi da hayaƙi a hankali, a nesa da harshen wuta, ana juya shi akai-akai don kada man da ke ɗiga ya babbake fatar. Shi za ka fara kaiwa kasuwa, saboda mai ba ya jure zafi da iska, kuma da ya kwana biyu a ajiye zai soma ɗaci da warin tsohon mai. Ramammen shi ya dace da ajiya, muddin ya bushe sarai kafin ka jera shi a kwali.